Ƙuri'a Ko Hujja: Wa Ke Yanke Ƙa'idojin Yanar Gizo?

An gabatar da wannan lacca a Sakkwato a gaban ɗalibai, malamai da masu sana'ar waya da kwamfuta. An rubuto ta daga faifan murya, an rage doguwar gaisuwar farko kawai.

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, iyayenmu mata, ɗalibai, da 'yan'uwa masu gyaran waya da na hango can baya, sannunku da zafi. Na baya kuna jina? To madalla.

Tambayar da aka ɗora mini ita ce: ƙa'idojin da yanar gizo ke tafiya a kansu, shin ya kamata a riƙa yanke su da ƙuri'a, kamar yadda muke zaɓen shugabanni? Abubuwa huɗu zan taɓa. Mece ce ƙa'idar, su wa ke yanke ta yanzu, me ya faru da aka gwada ƙuri'a, sannan mu ina muke a ciki.

Na farko ba zai ci mana lokaci ba. In ka shiga Tsohuwar Kasuwa sayen gero, kai da mai awo ba ku san juna ba, amma kun yarda da mudu. Ba don mudu ba, kowane ciniki sai an yi faɗa. To shafin da yaro ya gina a Mabera, wani ya buɗe shi a Jidda da wata waya daban, ya gan shi daidai, mudu ne ya haɗa su. Sunan mudun HTML da CSS, masu tsara shafi da kamanninsa, da HTTP mai kawo shi wayarka, da Unicode mai ba kowane harafi lambarsa. Kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ka girman da kake so mudun ya kasance.

Na biyu, su wa ke yanke shi? Tim Berners-Lee ya kawo shawarar yanar gizo a 1989 yana aiki a cibiyar bincike ta CERN, a 1993 cibiyar ta sake ta kyauta ga duniya, a 1994 ya kafa ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo. Mambobinta kamfanoni ne da jami'o'i da hukumomi, suna biyan kuɗin shiga. Akwai wadda ta girme ta, IETF, tun 1986, ita ke kula da hanyoyin da saƙo ke bi. Ita wannan ba ta da katin mamba ma. Kowa na iya shiga, ana yawancin aikin ta imel, ana haɗuwa sau uku a shekara. Wani dattijonsu, David Clark, ya faɗi wata magana a 1992 da ta zama takensu. Ma'anarta: ba ruwanmu da sarakuna, ba ruwanmu da shugabanni, ba ruwanmu da ƙuri'a, abin da muka yarda da shi shi ne bakin jama'a ya zo kusan ɗaya, kuma a ga manhajar tana aiki.

To in ba ƙuri'a, yaya suke gane inda jama'a ta karkata? Guna-guni suke yi da baki rufe. Wallahi da gaske nake. Bari mu gwada. Duk wanda ke son a ƙara ƙarfin fanka, ya rufe baki ya ce "mmm". (guna-guni, dariya) Wanda ba ya so fa? (shiru) To a Sakkwato wannan ijma'i ne. (dariya) Kun lura ba wanda ya iya ƙirga ku, kuma ƙaramin ma'aikaci bai ji tsoron maigidansa zai ga hannunsa a sama ba. Da gangan suka yi haka. Kuma guna-gunin ba shi ne hukunci ba. In mutum ɗaya tak ya tashi ya ce wannan tsari zai buɗe ƙofa ga ɓarayi, ga dalili, dole a tsaya a amsa masa, ko da ɗari sun yi guna-gunin amincewa. Ana auna ƙorafi ne da nauyinsa.

Na uku, an gwada ƙuri'a kuwa? An gwada, ba sau ɗaya ba. A watan Yunin 2004, a wani zaman W3C, mutanen Mozilla da Opera, masu yin burauza, wato manhajar buɗe shafuka, suka ce a ci gaba da gyara HTML. Aka ƙirga hannu, 8 suka yarda, 14 suka ƙi. Waɗanda aka kayar suka fita, tare da mutanen Apple suka kafa tasu ƙungiyar, WHATWG, suka ci gaba da aikinsu. Tsarin da masu rinjaye suka rungume, XHTML 2, aka binne shi a 2009 ba tare da ya shiga wayar kowa ba. Na waɗanda suka faɗi ƙuri'a shi ne HTML5, shi ne kuke kallon bidiyo da shi yanzu. A 2019 W3C da kanta ta miƙa musu ragamar HTML.

Sai ta ISO, hukumar daidaita ƙa'idojin kaya ta duniya, inda kowace ƙasa ke da ƙuri'a ɗaya. A 2007 ana takaddama kan tsarin takardun ofis na Microsoft. A Suwidin, kamfanoni sama da 20 suka biya kuɗin shiga kwamiti ana dab da jefa ƙuri'a, suka jefa, sakamako ya juye. Daga baya aka soke ƙuri'ar. Mu nan wannan wasan ba baƙo ba ne a wurinmu, mun san motar da ke sauke mutane a rumfar zaɓe da hantsi. (dariya) A 2008 tsarin ya wuce, Afirka ta Kudu da Indiya da Barazil suka ɗaukaka ƙara, ba su ci ba.

Wadda ta fi taɓa ni kuwa ita ce ta ICANN, masu kula da sunayen shafuka. A shekarar 2000 suka ce bari duniya ta zaɓi wasu daraktoci ta intanet. Yankin Asiya ya jefa ƙuri'a sama da 17,000. Afirka baki ɗayanta, daga Alƙahira zuwa Kef ta Afirka ta Kudu, ƙuri'a 130. Ɗari da talatin! Ɗakin nan ya fi su. Nii Quaynor na Gana ya ci, mutumin kirki ne da ya yi wa intanet hidima a nahiyar nan, amma ku dubi adadin. Ba a sake irin wannan zaɓen ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi ci mini rai, kuma ku yi haƙuri, nan zan ɗan zauna. Haruffanmu.

Ɗauki wayarka. Rubuta ƙ mai lanƙwasa. Rubuta ɗ, rubuta ɓ. Wasunku sun danna k sun riƙe, ta fito. Wasunku ba ta fito ba, don ba ku sa Hausa a madannan ba. Ku ga na baya bayan taro, za su sa muku. To tambayata, da a ce duniya aka tara aka ce a jefa ƙuri'a kan abin da injiniyoyi za su ɓata lokacinsu a kai, ina ƙ za ta zo a layi? Masu Sinanci sun haura biliyan. Masu Ingilishi, masu Hindi, masu Sifaniyanci, kowanne ɗaruruwan miliyoyi. Mu muna da yawa a ganinmu, miliyoyi masu yawa daga nan har Agadas har Sudan, amma a akwatin duniya 'yan tsiraru ne mu. Ƙ ba za ta ci zaɓe ba. Amma ga ta a wayarka. Tana cikin Unicode tun farkon shekarun 1990, ita da ɗ da ɓ da ƴ, har da alamar naira. Ta shiga ne don ƙa'idar wurin ita ce: in ka nuna cewa al'umma na rubutu da harafi, an buga shi a littafi da jarida, to yana da haƙƙin samun lambarsa. Kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa tun 1939. Takarda ce ta tsaya mana.

Ku dubi na 'yan'uwanmu Fulani. Ina Fulanin ɗakin nan? To ku saurara, abin alfaharinku ne. Wasu yara biyu wa da ƙane a ƙasar Gini, Ibrahima Barry da Abdoulaye Barry, a 1989, ɗaya yana da shekara 14 ɗaya 10, suka zauna suka ƙirƙiro wa Fulatanci haruffa. Sunan rubutun Adlam. Da hannu suka riƙa kwafar littattafai suna koya wa mutane, mata a kasuwa suka koya, ya bazu. Ba su da gwamnati a bayansu, ba su da kamfani. Suka haɗu da wani shiri na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley da ke taimaka wa rubuce-rubucen da aka bari a baya, aka tara hujja, aka rubuta takardar neman shiga. A 2016 Adlam ya shiga Unicode. A 2019 Microsoft ta sa shi a Windows. Yara biyu! Ku gaya mini wace ƙuri'ar duniya ce za ta ba su wannan? Haka N'Ko, rubutun Mandinkawa da Solomana Kante ya ƙirƙira a 1949, ya shiga a 2006.

Yanzu mu dawo gida, mu zo kan ajami. Nan garin, ba sai na gaya muku ba. Shehu ya yi waƙoƙi, Nana Asma'u ta yi da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajis, malamai mata da ta horar, suka ɗauka suka kai ƙauyuka ga ɗalibansu mata, 'yan taru. Takardun suna nan, wasu a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, wasu a jami'a, wasu da yawa a cikin gafaka a gidajenku, an naɗe da fata. Duk wanda ya yi makarantar allo a nan ya san rubutunmu na Warshu ne. Fa ɗinmu ɗigonta a ƙasa yake. Ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Nun in ta zo ƙarshen kalma, nun ara, ba ta da ɗigo. Ga kuma ɗigon imala a ƙarƙashin harafi. Kwamfuta da ta zo, rubutun Gabas ta sani, na Misira da Sham. Shekara da shekaru, malami in zai buga ajami sai ya ari harafin da ba nasa ba, ko ya rubuta da hannu a ɗauki hoto. Hoto kuwa ba a bincike a cikinsa. Ba za ka ce wa na'ura nemo mini duk inda Nana ta ambaci haƙuri ba, in hoto ne.

Sai a 2016 aka sa fa da ƙaf da nun irin na Warshu a Unicode, masu rasa ɗigonsu a ƙarshen kalma. A 2020, a fitowa ta 13, aka ƙara wasu haruffan ajami da Hausa da Wolof ke buƙata, cikinsu akwai masu ɗigo uku da ake rubuta irin su gw da kw. Ta yaya suka shiga? Wani ne ya zauna ya ɗauki hoton shafukan da harafin ya fito, ya zagaye shi da jan alƙalami, ya rubuta ga yadda yake a farkon kalma, ga tsakiya, ga ƙarshe, ga dalilin da ya sa ba daidai yake da wanda ke akwai ba. Ya aika. Kwamiti ya yi tambayoyi, ya amsa. Shi ke nan. Tsakanin 1991 da aka kafa Unicode da 2020, shekara kusan talatin ke nan. Ba ƙuri'a aka kayar da mu ba a shekarun nan. Takardar ce ba ta isa teburin ba. Wannan aikin, malamaina, aikin ɗalibin digiri na biyu ne. Aikin almajirin da ya iya kwamfuta ne. Hujjar tana cikin gafakar kakanka.

Kuma shigar harafi ba ita ce ƙarshen wahala ba. Na taɓa tsayawa a wani ofis da wani dattijo mai suna da Ɗ a farko. Yarinyar da ke kan kwamfuta ta yi ƙoƙari, ta nemo harafin ta sa. Na'ura ta ce sunan ba daidai ba ne. Ta sake, ta ƙi. Da ta matsa, takarda ta fito da ɗan akwati da alamar tambaya a inda harafin yake. Ƙarshe aka rubuta masa da D, ya karɓa ya ninke ya sa a aljihu, ya ce ai ba komai. Da komai! Sunan da ubansa ya yanka masa rago ne. Kuma laifin ba na ƙa'ida ba ne, ƙa'ida ta tanadi harafin tun kafin a haifi yarinyar. Wanda aka ba kwangilar manhajar ne bai bi ba, wanda ya ba shi kwangilar kuma bai tambaya ba.

Ga wata kuma. Mu a Najeriya muna rubuta 'ya'ya da waƙafi a sama. Ka tsallaka Illela ka shiga Ƙonni, tafiyar da ba ta kai ta Gusau ba, suna rubuta ta da ƴ mai lanƙwasa. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, na'ura na ganin kalma biyu. An zauna a Bamako a 1966, an zauna a Yamai a 1980 don daidaita rubutu, wannan ɗin bai haɗu ba har yau. Ita kanta Daidaitacciyar Hausa, wa ya jefa mata ƙuri'a? A kan karin Kano aka gina ta, mu masu "munka" da "anka" muka karɓa muna koya wa 'ya'yanmu a aji, mu koma gida mu ci gaba da namu. (dariya, tafi) Ta yi mana amfani, ba na musu, da ita muke karanta juna. Amma da kakanninmu sun fi yawa a teburin, da wani abu namu ya shiga.

Ina nake? Na uku ko na huɗu? Shugaba yana nuna mini agogo. To bari in haɗa sauran.

Kada wani ya fita ya ce Malam ya ce tsarin nan lafiya lau yake. Ba lafiya ba. Burauzar da ke wayoyinku sunayensu da yawa, amma injin da ke cikinsu uku ne: Blink na Google, WebKit na Apple, Gecko na Mozilla. Opera ta bar nata a 2013, Microsoft ta bar nata ta koma kan na Google a 2020. Duk ƙa'idar da ukun nan ba su gina ba, takarda ce kawai. Zuwa taro kuma sai mai kuɗin jirgi da biza da Ingilishi, da maigidan da zai biya shi albashi yana karanta imel. Sannan akwai tambayoyin da ba na injiniya ba ne. A 2017 W3C ta amince da tsarin kulle bidiyo da kamfanonin fim ke so. Ƙungiyar EFF, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta roƙi a sa sharaɗin kare masu binciken tsaro daga ƙara, aka ƙi. Mambobi suka jefa ƙuri'a, 108 suka yarda, 57 suka ƙi, 20 suka ƙaurace, ba a bayyana wa ya zaɓi me ba, EFF ta fice. Ka ga nan an yi ƙuri'a, amma ta masu biyan kuɗi. Makaho da ke buƙatar manhaja ta karanta masa, da mai ƙaramar waya a Tangaza, ba su da akwati. Ni ra'ayina, yadda za a gina abu a bar wa hujja da gwaji. Amma wa zai zauna a kujera, da yadda za a tsige shi, da abin da ya shafi sirrin mutane da haƙƙinsu, nan dole a sami bakin jama'a. Na ga hannu a baya. Bismillah, a miƙa masa.

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Allah shi gafarta Malam, ni gyaran waya nika yi. Duk mun ji batun hujja. Amma kai da bakinka ka ce kamfani ukku ad da injin. To in munka kai hujjar sunka ƙi, mi za mu yi musu? Guna-guni?

(dariya)

Allah ya yi maka albarka, ƙanena. Wannan tambayar ta fi laccar. Kuma amsarta tana kan teburinka. Shekara goma da suka wuce, caja kala nawa kake ajiyewa? Mai siririn baki, mai faɗi, ta iPhone daban. Yanzu fa?

Mai tambaya: Yanzu kusan duk Taip-Si ta.

To ka san dalili? Injiniyoyin kamfanoni ne suka zana bakin cajar nan, sun gama tun 2014. Apple na cikin waɗanda suka yi aikin, amma ta ƙi sa wa iPhone. Sai Majalisar Tarayyar Turai ta zauna a watan Oktoban 2022 ta jefa ƙuri'a, 602 suka yarda, 13 suka ƙi: duk wayar da za a sayar a ƙasashensu daga ƙarshen 2024, da wannan bakin za ta zo. A 2023 iPhone 15 ta fito da shi. 'Yan majalisar nan ba su zana ko waya ɗaya ta cikin cajar ba, ba su iya ba, ba su ma gwada ba. Abin da suka yi shi ne tilasta wa mai ƙarfi ya bi abin da aka riga aka daidaita. Haka suka yi da wata dokar, a 2024 Apple ta buɗe ƙofa ga injin burauzar da ba nata ba, a Turai kawai. Kai a Sakkwato ka ci ribar ƙuri'ar da Bafaranshe ya jefa.

To mu ma muna da majalisa. Muna da NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani, tun 2001, muna da SON, hukumar kula da ingancin kaya, da ke zama a ISO da sunan Najeriya, an sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a 2023. Ba za mu iya juya Google mu kaɗai ba, gaskiya ce, sai in ƙasashen Afirka sun haɗa kasuwarsu sun yi magana da baki ɗaya. Amma akwai wanda ke hannunmu gobe da safe. Majalisar jihar nan tana iya cewa duk manhajar da za a saya da kuɗin jama'a, ta asibiti, ta makaranta, ta biyan albashi, sai ta karɓi ƙ da ɗ da ɓ, sai ta buɗe a ƙaramar waya, in ba haka ba ba a biyan ɗan kwangila. Layi biyu ne a takardar kwangila. Kuna da ƙungiya, ku masu gyaran waya?

Mai tambaya: Muna da ita, Malam.

To ku rubuta, ku haɗa da Sashen Harsunan Najeriya na jami'a su sa muku hannu, ni zan taya ku tsara takardar. Ɗan majalisar mazaɓarku ya san ku, ku ke gyara masa waya. Ka tsaya bayan taro mu yi magana. Shugaba, akwai hannu a wajen mata tun ɗazu, Hajiya ce can kusa da taga, a kai mata abin magana.